Yadda za ka gasa nama a gida ko a gidan bene ba tare da an kira 'yan kwana-kwana ba

Duk wanda ya taɓa yin babbar sallah a Sakkwato ya san yadda gari ke komawa daga azahar ɗin ranar layya, hayaƙi ta ko'ina tun daga Kanwuri har Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, kowane lungu ka leƙa raguna ne an feɗe an tsire a sanduna an jingina su sun kewaye wuta ana tareni, can gefe yara na babbakar kai da ƙafa, cikin gida kuma mata sun ɗora kasko ana suyar kayan ciki. Abin gwanin sha'awa. Yanzu ma ba sai da sallah ba, samari sun koyi sayen 'yar wayar gashi, a samo kaza ko kifi daren Asabar a taru ana kallon ƙwallo ana gasawa, wasu ma a barandar bene suke yi abinsu.

To ni abin da na lura da shi shi ne ba kasafai wuta ke ƙwacewa lokacin da kake tsaye kan nama kana juyawa ba, don lokacin idonka na kanta. Ɓarnar tana zuwa ne daga inda ka ajiye murhun, da abin da ka hura shi da shi, sai kuma bayan an ci an watse an bar toka kowa ya tafi ya kwanta. Don haka a nan zan fi tsayawa.

Wurin da za ka hura wutar

Kafin ka zuba gawayi ko ɗaya, tsaya a wurin ka ɗaga kai sama tukuna. Akwai wayar NEPA? Akwai reshen dogon yaro da ya sauko? Rumfar zana ce ko ta tampol? Ko kuwa bakin rufin gida ne mai silin roba ɗin nan da kowa ke sawa yanzu? Silin roba zafi kawai yake ji ya fara narkewa yana ɗiga, in kuma wuta ta samu shiga tsakanin silin da kwano to ta samu katakon rufi, kai kana ƙasa ba ka ma ganin abin da ke faruwa. Ka bar aƙalla mita 3 tsakanin wutar da gini ko duk wani abu mai ci, wato kamar taku huɗu na babban mutum, in tareni ne da ake tula itace ka ƙara a kan haka sosai.

Sai ka waiga hagu da dama. Gidajenmu na garin ga tsakar gida ita ce sito, a nan babur yake, a nan janareto yake da jarkar fetur ɗinsa a gefe, ga shanya, ga katifun soso da gidan sauro da aka fito da su saboda zafi ba a maida ba. Wanda aka fi mantawa da shi kuma harawa, ragon an yanka shi amma sauran damin harawarsa na nan jingine a bango ta bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Duk a kwashe, ba wai a ɗan matsar ba. Babur a fitar da shi waje can nesa, jarkar fetur a rufe ta da kyau a kai ta wani ɓangaren gidan da ba ya haɗe da inda wuta take.

Ƙasa ma a duba. Turɓaya ta fi komai. In siminti ne ko tayil ko intalok kar ka hura wuta kai tsaye a kai, zafi na fasa siminti ya yi tsalle da ɓarɓashi, ka shimfiɗa yashi mai kauri ko ka ɗora tsohon kwano a kan bulo. Kurfoti ko rabin duro kuma a tabbatar ya zauna daram, ka girgiza shi da hannu tun yana sanyi, in yana rawa ka gyara masa zama, kar ka ce za ka tokare shi da dutse bayan ya ɗau zafi.

Iska kuma ita ce babbar maganar. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, komai ya bushe iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021 ba sai an ba shi labarin yadda wuta ke gudu a wannan lokacin ba. Ba ina cewa gashi ne ya jawo ta ba, yanayin nake nuna maka. Sallar layya kuma a shekarun nan farkon damina take faɗowa, ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni aka yi, lokacin da hadari ke haɗuwa cikin minti kaɗan iska mai ƙura ta riga ruwa isowa ta kwashi garwashi ta watsa gidan maƙwabta. Da ka ga gabas ta yi baƙi ka fara janye itace kana rage wuta tun kafin iskar ta iso, nama ba zai lalace don an dakata awa ɗaya ba.

Masu zama gidan haya da bene

A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba, baranda ba wurin gashi ba ce, ko gawayi ko gas. Faɗinta nawa ne duka? Samanka barandar wani ce da shanyarsa, bayanka ƙofa ce da labule, gefe ga injin AC, wasu ma a nan suke ajiye ƙaramin janareto da tukunyar gas. Sannan yawancin benayen haya matakala ɗaya gare su, tagogi kuma duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi, in hayaƙi ya cika matakalar nan na sama ta ina za su fita? A Amurka garuruwa da dama dokar kashe gobara ta hana amfani da murhun gawayi a barandar gidajen da iyalai da yawa ke zaune a ciki, ko ƙasa da ƙafa 10 daga ginin da zai iya kamawa. Mu ko ba wanda ya zo ya hana ka, lissafin ɗaya ne.

Ka sauko ƙasa cikin harabar gida, nesa da motoci, kuma kar ka tare bakin matakala ko get. Ka faɗa wa mai gidan ko mai kula da gidan tun kafin ranar, ka ƙwanƙwasa wa na sama su rufe taga su kwashe shanya, in an gama ka aika musu da cinya, shi kenan an zauna lafiya. Saman dakin kuwa, wato rufin siminti na bene, wasu na ganin fili ne, amma iska ta fi ƙarfi a can, ga tankin roba ga wayoyin sola, ga kuma wahalar hawa da ruwa in abu ya faru.

Gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, maimakon kowace ƙofa da kurfotinta gara ku haɗu ku yi wuta ɗaya a ƙofar gida ko wani fili, ku yi karo-karon itace. Ya fi sauƙin tsaro kuma ya fi arha.

Hura wuta

Fetur a'a. Ba kaɗan ba, ba "ɗan ɗis kawai" ba. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana rarrafe ba ka ganinsa, kana ƙyasta ashana wuta ta biyo shi har cikin robar da ke hannunka, kai kuma da firgita ka yi jifa da ita, inda ta faɗa nan ma ya kama. Ina saurayi na taɓa ɗauko 'yar roba zan tsiyayo daga tankin babur don itace ya ƙi kamawa, wani kawunmu yana kishingiɗe a tabarma ya ɗago ya ce "Kai ɗana, mi kaka yi da hwetur kusa ga wuta? Aje shi, in ka gaji da rayuwa mu ba mu gaji ba." Na ce Kawu ai kaɗan ne. Ya ce in kawo masa robar, ya sa ta ƙarƙashin tabarmarsa, bai ƙara ce min komai ba.

Kananzir ya fi sauƙi amma shi ma da sharaɗi, a yayyafa kaɗan kan gawayi mai sanyi, a bari ya tsotse, a rufe kwalbar a kai ta nesa, sannan a ƙyasta. Da zarar akwai garwashi ko da kana ganin kamar ya mutu, an gama maganar ƙara kananzir, mafici za ka ɗauka. Ni dai na fi son ƙirare da guntun kwali, ko takarda da aka ɗiga wa man gyaɗa a cusa ƙarƙashin gawayi. In kana da babban gwangwanin tumatir ko na madara, cire gindinsa ka huda gefe ta ƙasa, ka sa takarda a ƙasa gawayi a sama, yana jan iska da kansa, minti 15 zuwa 20 gawayi ya yi ja ya fara farin toka a baya, lokacin ne ake ɗora nama. Leda da tsohon silifa da tayar mota da ake babbaka da su, ban da warin da suke sa wa nama hayaƙinsu guba ne, kuma narkakkiyar roba in ta ɗiga a fata tana mannewa. A daina don Allah.

Kafin ashana ta fito daga aljihu dai a tabbatar akwai bokitin ruwa, bokitin yashi, shebur, da wani babban murfin ƙarfe ko faranti. Mai mota ya ɗauko jan silindan kashe wutar nan da ake ajiyewa a but don 'yan rod sefti, ya duba allurarsa tana kan kore. Aikinsa ba wuya, ka zare fil ɗin, ka saita bakin a gindin wutar ba a harshenta ba, ka matse kana kaɗawa hagu da dama. Sai dai ƙaramin cikin 'yan daƙiƙoƙi yake ƙarewa, na wutar da ta fara ne yanzu-yanzu.

Ana cikin gashi

A samu babba mutum ɗaya a ce wane kai ne mai wuta. In aka ce kowa na dubawa to ba mai dubawa. Tareni yana ɗaukar awanni, la'asar za ta same ku a kai magariba ma haka, to a yi karɓa-karɓa, wasu su je masallaci ɗaya ya tsaya in sun dawo ya yi tasa, ko ya yi a nan kusa inda wani ke riƙe masa. Kar a bar wa yaro ɗan shekara goma tsaron wuta don kawai shi ne bai da aiki.

Yara a ja musu layi a ƙasa da sanda a kewaye wutar, aƙalla mita ɗaya in ƙaramin kurfoti ne, a ce duk wanda ya tsallaka ba shi da tsire. Wallahi yana aiki fiye da tsawa.

Kayan sallah kuma a cire su tukuna. Babbar riga, hannun jallabiya, dogon hijabi, mayafi mai santsi, da yawa daga cikinsu yadin roba ne, suna kamawa da sauri su narke su manne a jiki. Iyayenmu mata masu suya, a ɗaure zane tamau a sa ƙaramin hijabi ko ɗankwali a soke bakinsa, goyo kuma a sauke shi a ba wani.

Kitse in yana ɗiga wuta za ta riƙa tashi bal-bal, kar ka watsa ruwa, toka ce za ta bule naman. Tun farko ka tara garwashi gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen ba komai, in ta tashi ka janye naman can har ta lafa, haka masu tukuba ke yi. Wayar gashi a kankare tsohon maiƙon da ya daskare a jikinta kafin a ɗora.

Kaskon suya shi ne ya fi ba ni tsoro. Kar a cika shi da mai ya wuce rabi, kar a zuba nama yana ɗigar ruwa. In mai ya fara hayaƙi ya yi zafi da yawa, a janye itace. In kuma ya kama da wuta, ruwa haramun, ko kofi ɗaya, don ruwan nutsewa yake ƙarƙashin man ya zama tururi nan take ya yi wurgi da mai mai ci sama da gefe har fuskar wanda ya zuba. A tura murfin ƙarfe a rufe kaskon, a janye itacen ko a kashe gas, a bar shi a rufe har ya huce. Kar a ce za a ɗauke shi a fita da shi.

Masu murhun gas, taƙaitacce ne naku. Tukunya a tsaye, a inuwa, ba cikin ranar Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu ba, kuma kar ka matsa wa mai sayarwa ya cika ta maƙil, ana barin sarari ne da gangan don gas na buɗewa in ya ji zafi. Ka kaɗa ruwan omo ka shafa a regileta da tiyo da mahaɗa, inda ka ga kumfa na tasowa nan ne yake yoyo, ba a gwadawa da ashana. Tiyon da ya tsage ko ɓera ya ci a canza shi, ba a naɗe shi da salatif. In murhun mai murfi ne a buɗe murfin kafin a kunna, in ya ƙi kamawa a kashe a jira minti 5 iska ta kwashe wanda ya taru. Tukunyar gas kuma ba ta zama kusa da wutar gawayi.

Kar a shigar da garwashi ɗaki

Wannan ba ya ƙona komai amma yana kisa. Ruwa ya sauko sai a ɗauki kurfoti a shiga kicin ko zaure ko garejin mota a rufe ƙofa, ko da hunturu bayan an gama gashi a ce a kai sauran garwashin ɗakin tsohuwa ta ji ɗumi. Gawayi na fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ko babu hayaƙi ko kaɗan tana fita, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Farko ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mutum ya zata gajiyar sallah ce ko maiƙo ya yi masa yawa ya ce bari ya ɗan kwanta, to daga nan wasu ba sa tashi. Irin abin da hayaƙin janareto ke yi ne. In mutum biyu uku a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai lokaci guda akwai garwashi a kusa, a fito da kowa waje a buɗe ƙofofi a tafi asibiti, kar a tsaya neman farasitamol.

Toka

A nan ni aka taɓa kama ni. Wata sallah mun gama tareni da daddare, da safe na ga toka fara fat ba ko alamar ja, na kwashe da shebur na zuba a tsohon kwalin taliya na jingine shi bayan ɗaki kusa da ragowar harawa, wai in mai kwasar shara ya zo ya tafi da shi. Bayan azahar ina kwance sai na ji matar maƙwabcina tana buga ƙofa tana "Maigida, maigida ku fito hayaƙi bayan ɗakinku!" Ko da na zagaya gindin kwalin ya cinye, harawa ta kama, wuta har ta fara lasar ƙyauren taga. Allah ya taimake mu akwai ruwa a duro da samari a ƙofar gida, bokiti shida ko bakwai ta mutu. Da dare ne abin ya faru ban san yadda za ta kaya ba.

Toka bargo ce, tana lulluɓe garwashi ya kwana ya wuni da ransa, shi ya sa masu harkar kashe gobara ke cewa a ba ta awa 48 kafin a zubar in ba a jiƙa ta ba. Yadda nake yi yanzu, in an gama sai in baza garwashin da shebur, in yayyafa ruwa sannu a hankali ina tsaye gefe don tururin na ƙona fuska, in juya in ƙara, har sai na daina jin cuuu. Guntayen itacen da ba su cinye ba a tsoma kansu cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, kar a maida su cikin tarin itace haka nan. Sannan a kwashe a bokitin ƙarfe, ba roba ba, ba kwali ba, ba buhu ba, kuma ba a kan bola ba inda leda da gwangwanin maganin sauro suke, gwangwanin nan fashewa yake in ya ji wuta. Wurin da aka yi wutar ma ƙasar na riƙe zafi, a jiƙa shi, don yara da safe ba takalmi suke fitowa. Hadisi ma ya zo a Bukhari da Muslim cewa kar mu bar wuta a gidajenmu lokacin da za mu yi barci, to kafin ka kwanta ka sake zagayawa da tocila ka kai bayan hannunka kusa da wurin ka ji.

In duk da haka ta ƙwace

Ka yi ihu, ba abin kunya ba ne, "gobara!" da ƙarfi maƙwabta su ji. A fara fitar da mutane, yara da tsofaffi, a ƙirga su a waje. Wani ya kira 112, kuma yana da kyau tun yau ka nemi lambar ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da unguwarku ka ajiye a waya, in ka kira ka yi kwatance da abin da kowa ya sani, masallaci kaza, gidan mai kaza, a tura yaro babba bakin titi ya tare su, a janye motoci da baburan da suka toshe lungu. A kashe wutar lantarki daga mita ko canji-oba kafin a fara watsa ruwa a gini. Wanda ya fito ya fito, ba komawa ɗauko takardu ko waya.

In rigar mutum ce ta kama kar ya ruga, gudu hura ta yake, a kayar da shi ƙasa ya rufe fuska da hannu ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri ko dardumar da ba ta roba ba.

Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake ta kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba. Ku lura, ruwan tankin sama da rana a garin nan kusan tafasasshe ne, a ɗebo na randa ko a farfasa fiya wata. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne kar a fizge ta, ƙurjin ruwan da ya taso kar a fasa. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, baƙin mai, toka, duk ba magani ba ne, sai dai su sa ciwon ya ruɓe likita kuma ya sha wahalar wankewa. A rufe da tsumma mai tsabta marar gashi. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko a fuska take, ko hannu, ko gaba, ko kan gaɓa, ko wurin ya yi fari ko baƙi kuma ba ya zafi, ko ƙaramin yaro ne ko tsoho, to ba ta kemis ba ce, a wuce asibiti kai tsaye, ko asibitin Specialist na Sakkwato ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In yaro ne, ana zuba wa wurin ruwa ana lulluɓe sauran jikinsa da zane, don su sanyi na saurin kama su.